Cocin Wusasa: ginin tubali da ya doshi shekara ɗari a ƙasar Zazzau

Duk wanda ya taɓa rakiyar buhunan albasa daga Galmi ko Tunfafi zuwa kasuwannin Najeriya ya san hanyar: Ƙonni, Illela, Sakkwato, Gusau, Funtuwa, sai Zariya. Haka ma matan da ke zuwa sarin atamfa da kayan ɗaki. To idan mota ta bar Zariya ta kama hanyar Kaduna, wajen Ɗan Magaji, mutum zai hango wani babban dutse, shi ne dutsen Kufena. A kusa da shi akwai wani gari da ake kira Wusasa. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta wurin muna gyangyaɗi a bisa kaya, ba mu san cewa a cikin garin nan akwai wani gini da masana harkar gine-gine ke tasowa daga nesa don su gani ba.

Ginin coci ne na ɗarikar Angilikan, sunansa cocin Waliyyi Bartalamawas. An gina shi a 1929, kuma da ƙasa aka gina shi, irin ƙasar da muke kwaɓawa mu yi ɗaki da rumbu. Har yau yana nan tsaye.

Wani zai ce mene ne haɗin mai sayar da albasa ko mai tuyar ƙosai a Garhanga da cocin Zariya? Haɗin shi ne gini. Babu ɗan kasuwar da ba ya tunanin ranar da zai tada shago ko ya gyara gida, babu mai adashen da ba ta lissafin ɗakin da za ta yi wa ɗiyarta ko ɗanta. Kuma yau kusan kowa lissafinsa ɗaya ne: bulo nawa, siminti buhu nawa, tol bandir nawa. Ginin ƙasa ya zama abin da ake cewa na wanda bai samu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba labarin wasu Turawa da suke da halin kawo siminti da tol a jirgin ƙasa, amma suka kira maginan Hausa.

Su wane ne Angilikan?

Mu nan Nijar Kiristocin da muka fi sani kashi biyu ne: ƴan Katolika, da kuma mabiyan mishan ɗin SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri, suka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Wannan asibiti kam babu Ba'adaren da bai san shi ba. Angilikan daban suke. Su ne cocin ƙasar Ingila, wanda ya raba gari da Fafaroma a 1534 zamanin Sarki Henri na takwas. Da yake Faransa ce ta mallake mu, ba su yi ƙarfi a wajenmu ba, amma a Najeriya mabiyansu miliyoyi ne.

A can Ingila tsarinsu shi ne kowane ƙauye da cocinsa da limaminsa, kamar yadda kowane gari namu yake da masallacin Juma'a. A nan ake yi wa jariri wankan shiga addini, a nan ake ɗaura aure, kuma maƙabarta tana kewaye da ginin, ta yadda mai zuwa ibada ran Lahadi sai ya ratsa kaburburan kakanninsa kafin ya kai ƙofa. Yawancin waɗannan coci-coci na dutse ne, wasu sun haura shekara 800. Fasalinsu kusan ɗaya: dogon zaure inda jama'a ke zama, ƙaramin sashe a ƙurya wajen gabas inda teburin ibada yake, sai hasumiya mai ƙararrawa. Abin lura shi ne da abin da ke kusa suke gini. Inda akwai farin dutse da shi za a yi, inda sai tsakuwa da ita za a yi. Saboda haka Bature ɗan wannan ɗarika da ya zo ƙasar Hausa ya tarar da jar ƙasa da giginya, idan ya ce a gina masa da su, bai kauce wa al'adar gidansu ba.

Daga Tarabulus zuwa Durumin Maigarke

Ƙungiyar da ke aika ƴan mishan na Angilikan ana kiranta CMS, an kafa ta a Landan a 1799. Ta daɗe tana sha'awar ƙasar Hausa tun kafin ta taka ta. Wani malaminta mai suna Schön ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876, kuma babban wanda ya taimaka masa da harshen ɗan ƙasarmu ne: Dorugu, yaron da aka kama bawa a yankin Damagaram, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila. Wato Hausar da Turawan mishan suka fara karantawa a takarda akwai bakin Damagaram a cikinta. Wannan a gefe ke nan.

Wanda ya kafa harsashin Wusasa, ko da yake shi kansa bai so zamanta ba, shi ne Walter Miller, wanda Zazzagawa suke kira Likita Mila. An haife shi a 1872. Kafin ya zo, sai da ya tafi Tarabulus ta Libiya ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke zaune can, fatake da alhazai da ƴantattun bayi. Ƴan uwanmu masu zuwa ci-rani Libiya su sani ba yau Bahaushe ya fara zama a wannan birni ba.

A 1900 Mila da wasu Turawa huɗu, ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka taso daga Ikko a ƙasa har Kano. A lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ba tukuna. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada, ya ƙi ba su wurin zama, ya ba su ƴan kwanaki su bar masa gari. Suka koma wani ƙauye mai suna Girku a kudancin Zariya, inda ɗayansu ya rasu, sauran kuma ciwo ya tarwatsa su. Mila bai haƙura ba. Ya sake dawowa, kuma a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya samu wuri a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani da ƴar makaranta.

Zaman bai yi daɗi ba. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba, don haka su kansu jami'an mulkin mallaka ba sa son ganin ɗan mishan a tsakiyar birnin Musulmi. Mila kuwa mutum ne mai kaifin baki, ya yi faɗa da sarki, ya yi faɗa da razdan. Shekara da shekaru ana matsa masa ya fita bayan ganuwa yana ƙi. Kuma a gaskiya mutanen birni da suka bi addininsa ƴan kaɗan ne ƙwarai.

Mutanen Gimi

Jama'ar da ta cika cocin Wusasa daga baya ta wata hanya ta zo, hanyar da ko Mila bai zata ba. Masana tarihi sun rubuta cewa a ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita maganar Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Ya tara almajirai. Fada ta ɗauki abin a matsayin fitina, aka kashe shi a Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse zuwa dazuzzukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Ningi, ana kiransu Isawa.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Daga nan aka kafa musu ƙauye a wani wuri da ake kira Gimi, suka yi gonaki, suka gina makaranta da wurin ibada, tare da wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson. Sai dai wurin akwai ƙudan tsando. Cikin ƴan shekaru ciwon barci, wanda ake kira sammore, ya shiga garin ya yi musu mummunar ɓarna, manya da yara. Dole aka tashi daga Gimi. Waɗanda suka tsira, da marayu da yawa, aka dawo da su Zariya.

To ga marayu, ga ƴan makaranta, ga marasa lafiya, ga gida a cikin birni ya yi kaɗan, ga kuma gwamnati da fada suna son a fita. A ƙarshe CMS ta yarda. Aka ba ta fili a gindin duwatsu, kilomita kaɗan daga ganuwa, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, aka tare a 1929. Mila ya ɗauki wannan a matsayin ja da baya, bai zauna ba, ya koma Kano ya ci gaba da aikin fassara. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, kuma shi ne jigon aikin. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.

Wanda ya jagoranci tada sabon garin wani matashin limami ne, Guy Bullen. A hannunsa aka gina coci da makaranta da asibitin da aka sa wa sunan Luka. Bai yi tsawon rai ba: an naɗa shi bishop an tura shi Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937.

Yadda aka yi ginin

Jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya ya wuce Kano tun 1911. Wato a 1929 mai kuɗi yana iya sayen tol da siminti da katako, kuma coci-cocin da mutanen kudu suka yi a Sabon Gari irin wannan fasalin suka bi. A Wusasa sai aka ɗauki wata hanya. A ganinmu dalilan a fili suke. Kuɗin mishan ba su da yawa, ƙasa kuwa kyauta ce. Masu ibadar Hausawa ne, da Hausa suke addu'a da waƙa, a soro aka haife su. Sannan uwa uba, Zariya gari ne na magina. A nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da har yau ake karantar da ɗaliban jami'a a kansa. Zuriyarsa da almajiransu suna nan da sana'arsu. Wanda yake da irin waɗannan a maƙwabta, me zai kai shi nesa neman magini?

Matsalar da ke gaban maginan ita ce wadda ke gaban duk mai gina masallaci ko fada: yaya za a rufe wuri mai faɗi, wanda zai ɗauki jama'a da yawa, da ƙasa da itace kawai? Bari mu bi aikin daki-daki, don yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin ana yinsa ba.

Da farko tubali. Tubalin Hausa na asali ba a zuba shi a ma'auni kamar birgi mai kusurwa huɗu da muka saba gani yanzu. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai a tsuke, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Ƙasar kuwa sai an jiƙa ta, an zuba mata ciyawa ko ramno, an tattake, an bar ta ta ruɓa kwanaki, a sake tattakewa. Magini yana zaune bisa bango, yaro yana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jerawa a tsaye, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A gindi ana jera layi da yawa, ana hawa ana ragewa. Shi ya sa bangon irin wannan gini yake da kauri ƙwarai a ƙasa ya tsuke a sama, kamar mutumin da ya buɗe ƙafafu ya tsaya da kyau. Kuma ba a gaggawa: a ɗora kaɗan, a bari ya sha iska, a dawo.

Sai rufi, inda gwaninta take. Itacen da ake amfani da shi azara ce, wato gangar giginya da aka tsaga. Gara ba ta cinta da sauƙi, kuma tana daɗewa ƙwarai. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita biyu, sai ta lanƙwashe. To me za a yi da zaure mai faɗin mita shida ko bakwai? Sai a dasa azara a cikin bango tana leƙowa, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa tana karkata, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, a ƙara wata. Haka daga wancan bangon ma. A hankali hannuwan biyu suna tasowa suna rusunawa har su gamu a tsakiya. Abin da ya fito shi ne bakan gizo. Idan baka biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ake kira ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake gitta itace a bakin gugar rijiya. A kan waɗannan bakuna ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa.

Wannan ita ce dabarar da ke riƙe da cocin Wusasa. Wanda ya shiga zai ga bakuna suna tasowa daga jikin bango suna haɗuwa a sama, ɗaya bayan ɗaya, suna jan ido zuwa ƙuryar da teburin ibada yake. Abin sha'awa, tsofaffin coci-cocin Ingila ma da bakuna ake gane su, sai dai nasu na sassaƙaƙƙen dutse ne. Bature ya zo da tsarin zaurensa, magini ya zo da bakansa, kowa ya ga abin da ya sani a cikin aikin ɗan uwansa. Ta waje kuwa, in ba don alamar gicciye ba, baƙo zai iya ɗauka zauren wani hakimi ne.

Saura kariya daga ruwa, don ruwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa, kuma damanar Zariya ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba. Maginan da suna da magunguna. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, bango ya yi jawur ya yi tauri. Akwai laso na shafe rufi, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan wani tsiro mai yauƙi da ake kira dafara. Ku duba yadda sana'o'in kasuwa suke riƙe da juna: sharar marini da sharar majemi su ne simintin magini. Sai indararo mai tsawo da zai zubar da ruwa nesa da gindin bango, da zanko a kusurwoyi, wanda ado ne, kuma nauyinsa yana danne kusurwa, sannan magini yana ɗaura igiya a jikinsa idan ya hau gyara.

Gyaran nan shi ne sharaɗin. Ginin ƙasa kamar dabba yake, yana son kiwo. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba tsaga, an share indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye. Coci ko masallaci yana samun wannan ne idan akwai jama'ar da ta ɗauke shi nata. Wusasa ta samu irin wannan jama'a, ga ƴaƴanta da suka yi karatu suka yi nisa amma ba su manta gida ba.

Ƙaramin gari, manyan mutane

Makarantar da ke gefen cocin ta fitar da mutanen da suka yi suna. Dakta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, shi ne likitan zamani na farko ɗan Arewacin Najeriya, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Babban asibitin da ke Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawan nan da muka ambata, likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East a tsakiyar shekarun 1930, daga cikin wannan jama'a ya fito.

Wanda duniya ta fi sani shi ne Janar Yakubu Gowon, shugaban Najeriya daga 1966 zuwa 1975. Iyayensa Angasawa ne daga ƙasar Filato, mahaifinsa mai wa'azi ne na CMS, a Wusasa ya tashi ya fara karatu. Dattawanmu suna tuna cewa lokacin yaƙin Biyafara Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin Gowon.

A 1997 aka ba Wusasa nata bishop, Ali Buba Lamido ya zama na farko. Ku lura da sunan. A wannan gari za ka ji Ali da Audu da Amina da Hawwa a cikin coci, kuma gida ɗaya za ka tarar wa Musulmi ƙane Kirista, ana zuwa suna da biki da jana'izar juna. Ba mu ce ƙasar Zazzau ba ta ga tashin hankali na addini ba, ta gani, a 1987 an ƙona wuraren ibada da yawa a Zariya da kewaye. Amma tsohon ginin ƙasar nan ya wuce wannan zamanin ma.

Mu dawo gida

Abin da ya sa labarin ya taɓa mu shi ne mu ma muna da irin wannan hannu, a nan jihar Tawa. A garin Yama, cikin gundumar Illela, wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina wa garinsu masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Daga 1975 ya sake masa rufi da bakuna da tulluwa, ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da nata fasali. Jama'ar gari ne suka yi aikin, mai kawo ruwa, mai kawo itace, mai kawo hatsi. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gasarta tsakanin ƙasashen Musulmi na duniya baki ɗaya. A Dandaji kuma, ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da birgin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Ga hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844. Ko ba mu je nesa ba, rumbunan Adar da ke bayan gidajenmu, waɗanda bangonsu bai fi kaurin tafin hannu ba amma suna ɗaukar damman hatsi na shekara, wane injiniya ne ya zana su?

Duk da haka kowa ya samu kuɗin ci-rani daga Abijan ko Libiya, abin da zai fara shi ne ya rushe soron ubansa ya kafa bulo da tol. Ba mu ga laifinsa gaba ɗaya ba. Yaɓe kowace shekara wahala ce, samarin da za su yi gayya suna bakin teku, giginya ta yi ƙaranci, kuma ga simintin Malbaza a kusa. Amma mai shagon tol ta san abin da take sha a watan Afrilu da Mayu: man gyaɗa ya canza, sabulu ya yi laushi, alawa ta narke, magani ya lalace, ita kanta ta gudu ƙarƙashin rumfa. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, bai kai ciki ba sai dare ya yi, lokacin da iska ta huce. Wannan sanyi ba ya cin lantarki, ba ya cin mai.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda bai kamata mu ɓoye ba. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Babban Gwani na Zariya ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka, kuma an ce an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan. A farkon Satumba 2024, cikin damanar da ta yi ɓarna a ƙasarmu duka, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube ƙasa mutane suna kallo. A wannan damanar dubban ɗakunan ƙasa ne suka faɗi a faɗin Nijar. Ruwan yanzu yana zuwa da ƙarfi a lokaci guda, kuma ginin da ba shi da harsashi mai kyau, ko wanda ruwa ke kwanciya a gindinsa, ba ya jurewa.

Akwai wani kuskure da ya yawaita a garuruwanmu: shafe bangon ƙasa da siminti a ce an huta da yaɓe. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, waje sumul ciki ruɓaɓɓe, har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. Tsohon magini zai ce maka gara ka sa kuɗin a gindi da kai: harsashin dutse, wanda Allah ya hore mana shi a Adar har ya yi yawa, da indararo mai kyau, da magudanar da za ta janye ruwa daga bango. Inda itace ya yi wuya kuma, akwai dabarar gini ba itace, wadda aka fara koyarwa a ƙasar nan tun shekarun 1980, ana rufe ɗaki da tulluwar birgi zalla, kuma akwai maginan da suka koye ta a jihohi da dama.

Ranar da Kiristoci ke tunawa da Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Annabi Isa, ita ce 24 ga Agusta, wato tsakiyar malka, lokacin da ginin ƙasa ke fuskantar jarrabawarsa mafi tsanani. Cocin da ke ɗauke da sunansa ya ga wannan rana fiye da sau 90.

Wanda harkar kasuwa ta kai shi Zariya, in ya sauke kaya yana jiran ciniki, daga Ɗan Magaji zuwa Wusasa tafiyar ƴan mintoci ce a babur. A yi sallama, a nemi izinin masu kula da wurin, kamar yadda za mu so baƙo ya yi a masallacinmu. In an shiga a fara da kaurin bango a bakin ƙofa, a auna shi da hannu, sannan a ɗaga kai a dubi inda bakunan suka haɗu. In da hali a tafi da magini.